Wa Ya San Shi?

Kaladan, Tamale
Lahadi, 14 ga Satumba, 2025

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga yayarka Rafi'atu, zuwa ga ƙanina Abdulgafaru a Hambog ta ƙasar Jamus. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda, da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Najat da 'ya'yanmu Jalila da Ubaid. Allah ya ba ka sauƙin gwiwar nan da kake kuka da ita, ya kare ku daga sanyin da ke shirin shigo muku, ya sa albarka a cikin nemanku, amin. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau bana, har ta so ta yi yawa, domin sau biyu ruwa na shiga mini kicin. Masarar Abdul-Karim a gonar Gbalahi ta fi shi tsawo, ko da yake ka san wannan ba abin a yaba wa masara ba ne, tunda Allah bai ba autanmu tsawo ba. 'Yata Shahida ta yi arba'in lafiya, jaririn ya yi ɓul-ɓul, kuma duk wanda ya gan shi sai ya ce kunnuwanka ya ɗauko. Na ce musu Allah ya sa kunnuwan kaɗai ya ɗauko, ban da taurin kai.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda da kan sarki, alhali kowace Juma'a muna magana ta waya. To, kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ina Mma, ta ci abinci, ta sha magani, a gaishe ta, sai ka ce aiki na kira. Maganar da nake da ita ba ta tsaye ba ce, kuma tun da na yi ritaya ba ni da abin da ya fi lokaci da biro yawa. Mako uku da suka wuce ka ce mini Jalila na rubutun kammala jami'a a kan tsofaffin jaridun Gana, ta yi ta cin karo da wata kalma gaban sunayen mutane, tana son in yi mata bayani. Sannan ka ƙara, cikin muryar mai tambayar kuɗin tumatir, cewa in ɗauki hoton takardar nan ta Baba in turo ta waya. Na ce to. Ban turo ba. Ba mantuwa na yi ba, kuma wayata ba ta lalace ba kamar yadda na ce maka ranar Juma'a, Allah ya yafe mini wannan ƙaryar. Ba zan turo ba ne, kuma dalilin shi ne abin da zan rubuta maka. Ka nemi wuri ka zauna.

Bari in fara da amsar Jalila, tunda ita ta tono zancen, kuma shekara talatin da shida na yi ina koyar da Turanci, bai kamata 'yata ta yi tambaya ta tashi hannu banza ba. Ka gaya mata kalmar nan "one", wadda kowane ɗan aji ɗaya ke fara ƙirga da ita, masu rubuta jaridun da suna da wani aiki da suke ba ta. In za su ambaci mutumin da suke ganin mai karatu bai san shi ba, ba a kuma sa ran ya san shi, sai su ajiye ta gaban sunansa, kamar mu ce wani Awudu, ko wani wai shi Fuseini. A jaridun da ke zuwa mana daga babban birninmu Ankara da kuma Kumasi, mutane hawa-hawa ne. Akawu da malamin makaranta Mista ne, sarkin kudu Nana ne, mai lori uku Alhaji ne, kowa da cikakken sunansa. Lebura kuwa, da mai gadi, da ɗan dako, da mai kora shanu, su ne masu wannan kalmar. Sau da yawa ko sunan uba ba a nema, sai a liƙa wa mutum ƙabilarsa, a ce Awudu Moshi ko Sayibu Hausa. Ta duba shafukan ciki, wurin labarin kotu da na haɗarin mota, can za ta same ta birjik. Shafin farko ba ta cika hawa ba. Amma kada ta rubuta cewa duk wulaƙanci ne. Wani ɗan jaridar iyakar abin da ɗan sanda ya ba shi ke nan, kuma haka aka koya masa rubutu. Har yau nakan gan ta jefi-jefi. Wannan shi ne abin da za ta iya samu a littafi. Abin da ba za ta samu ba shi ne yadda kakanta ya yi da kalmar.

Kai ba ka zauna bencin Baba sosai ba, domin kana shekara goma sha biyu aka kai ka makarantar kwana, in ka dawo hutu kuma ƙwallo ta fi maka hira da tsofaffi. Ni kuwa ina cikin shago ina ɗinka masa maɓallai, komai a kunnena. Jarida kan iso Tamale bayan kwana ɗaya, wani lokaci biyu, in jirgin fito ya yi gardama a Yeji. Akwai wani akawu a gidan waya, inda Baba ya yi masinja yana saurayi har ya tsinci Turancinsa, shi ke ajiye masa ita in ya gama karantawa. Bayan la'asar sai Baba ya rufe keken ɗinki da ƙyalle, ya fito da benci biyu ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shago, ya maƙala tabaraunsa mai ƙafa ɗaya da igiya. Mutanen Moshi Zongo su taru, fataken goro da masu shanu da mahauta da direbobin Bolga da Wagadugu, da Baba Awudu mai shayi, wanda ya fi kowa musu. Baba na bin Turanci da ido yana fitar da shi da Hausa, ba gargada. Har yau in na ji ƙamshin tsohuwar takarda, ƙamshin shayin Baba Awudu nake ji tare da shi.

In ya iso kan kalmar nan, ba ya cewa wani. Sai ya sauke jaridar kan gwiwa, ya zare tabarau, ya dubi jama'a ya ce, "Wa ya san shi?" Daga nan labari ya tsaya, ko da na juyin mulki ne ke jira a shafin gaba. Ka san mutanen zango, babu garin da ƙafarsu ba ta taka ba. Na tuna ranar da aka buga wani Sayibu Moshi da itace ya faɗo wa a dajin katako wajen Sunyani. Wani direba ya ce ya san wani Sayibu mai tsaga a kunci da ya ɗauka zuwa can bara. Wani mai goro ya ce in shi ne, ai ubansa Abdulfatawu ne na Wahiguya. Baba Awudu ya ce ƙarya ne, aka yi ta musu har aka aika kiran wani mahauci da ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da shi. Da magana ta daidaita, Baba ya mayar da tabarau ya ɗauko labarin daga farko, ya ce Sayibu ɗan Abdulfatawu, mutumin Wahiguya, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, ya rasu ranar kaza. Aka yi masa fatiha, sannan aka wuce. In kuwa an rasa wanda ya san mutum, sai Baba ya yi alama da fensir, ya yanke wurin da almakashin ɗinki, ya sa a akwatinsa na ƙarfe. Duk baƙon da ya sauka zango sai an tambaye shi. Ranar da aka dace, ya rubuta cikakken sunan da ajami a gefen takardar. Akwai wanda ya shekara biyu a akwatin kafin wani mai shanu daga Bawku ya san shi.

Ba mamata kaɗai yake yi wa haka ba. Wata rana aka buga wani Fuseini da aka kama da akuyar mutane a hanyar Savelugu. Baba ya sauke jarida ya yi tambayarsa. Ya sake tambaya. Baba Awudu ya duƙufa yana fifita wutar da ba ta mutu ba. A ta uku ya ɗago ya ce, da Hausarsa ta Moshi, "Malam, wannan kam ka bar shi wani. Ƙanen matana ne." Mutane suka yi dariya har wani ya zame daga benci. Amma Baba bai bar shi ba, sai da ya karanta shi da sunan ubansa da unguwarsu. Ya ce ɓarawo ma an yanka masa rago, kuma wanda aka yanka wa rago aka raɗa masa suna a kunne ba wani ba ne. Lokacin da na fara koyarwa, kaina na hayaƙi da ilimi, na taɓa ce masa ai wannan salon rubutu ne kawai, haka Turanci yake. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya yarda, Turanci na masu shi ne, amma benci nasa ne. Ban sake ɗaga maganar ba.

Ba sai na tuna maka ranar Talatar nan ta daminar 1987 ba, amma Jalila ba ta san ta ba, kuma ban tabbata ka taɓa ba ta labarin ba. Baba ya hau kekensa da safe zai duba gona a Gbalahi, ya tarar da mata na kururuwa bakin dam, wata yarinya ta zame wajen ɗiban ruwa. Ya faɗa da rigarsa, ya turo ta har ta kama zanen da matan suka miƙo, shi kuma laka ta riƙe masa ƙafa. Yarinyar ita ce Rakiyatu, yanzu tana aure a Yendi har da jikoki, kuma ba ta taɓa fashin aiko wa Mma sabuwar doya ba. Ranar sadakar bakwai akawun nan na gidan waya ya shigo da jarida a hammata, ya ce an buga Malam a ciki. Tsakar gida cike take da mata. Mma na zaune kan tabarma cikin takaba, kwana bakwai ba ta ɗaga kai ba, amma da ta ji haka sai ta ɗago. Mutumin da ya ƙarar da yammacinsa yana karanta sunayen mutane, yau nasa ne a jarida. Akawun ni ya miƙa wa, domin ni ce malamar makaranta.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin takardar ta zo hannunka, ni na riga na karanta ta a zuci. Layi huɗu ne a ƙasan shafi na bakwai, kusa da tallan maganin tari. Kalmar nan ce ta buɗe labarin, sai Tahidu, tela, ya nutse a wani dam kusa da Tamale. Sai sunan ɗan sandan da ya tabbatar, cikakke har da muƙaminsa. Ba a ko ambaci yarinyar ba. Na ga kalmar, kuma na san abin da ake yi da ita, domin na ga an yi ya fi sau ɗari. Amma na ji tsoron in buɗe baki in ce wa ya san shi, in fashe da kuka gaban mutane. Sai na miƙa maka, na ce Turancinka ya fi nawa sabunta. Kai kuma kana shekara goma sha tara, ka gama jarrabawa ke nan, ka miƙe tsaye ka gyara murya, ka fassara daidai yadda malamanka suka koya maka, ka ce wani Tahidu, tela. Ba ka kai ƙarshen layin farko ba Mma ta miƙo hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ubanka ne wani?" Ta karɓe takardar, ta ninke, ta tura ƙarƙashin tabarma. Na ga yadda fuskarka ta koma, na ga ka fita ta ƙofar baya, kuma na bar ka da laifin. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ranar ni na ja, kai ya doka.

Shekara talatin da takwas ke nan ina ɗauke da wannan. Na san ba shi kaɗai ya fitar da kai daga ƙasar ba, lokacin kowane saurayi hanyar waje yake nema. Amma ni yayarka ce, ina da ido. Zuwanka biyu gida, duka a otal ka sauka. Ka shigo ɗakin Mma da tsaraba niƙi-niƙi, ka gaishe ta a tsaye kamar mai jiran mota, ka fita. Rabonka da mu yanzu shekara goma sha ɗaya. Ka yi karatu har an sa maka Injiniya gaban suna, kuma na san abin da ya sa kake son a riƙa rubuta shi a bayan ambulan. Duba ka gani, na rubuta, da manyan baƙaƙe. Gafaru, laifin ranar nan ba naka ba ne. Ba ka san al'adar bencin ba yadda na san ta, ni na sani na ƙi yi. Ina jin kunyar abin, ina kuma baƙin cikin shekarun da ya ci mana. Ka yafe mini don Allah.

Yanzu maganar Mma. A waya nakan ce maka da sauƙi, kuma ban yi ƙarya ba, jikinta da sauƙi. Tana cin tuwonta, tana sallarta, har takan zaga tsakar gida tana yi wa matar Abdul-Karim gyaran shara. Kanta ne ya fara zubar da abubuwa. Tun bayan Babbar Salla take kiran Shahida da sunan ƙanwarta da ta rasu tun muna yara. Ta zuba gishiri a koko. Rannan ta tambayi Abdul-Karim ɗan gidan wa ne shi, da aka tuna mata ta yi dariya ta ce ai wasa take. Likita ya ce tsufa ne, babu maganin da zai mayar da abin da ya tafi, kuma gaba zai yi ta yi. Da safe ta fi zama daidai, in rana ta karkata sai abubuwa su cakuɗe mata. Kullum nakan hau keken yalo-yalo mai ƙafa uku daga Kaladan in je in same ta kafin hantsi. Wata safiya na tarar da ita tsaye gaban hoton Baba na falo, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta tambaye ni ko baƙo ne. Na ce mata Baba ne, ta ce to. Na zaga bayan ɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Ka kuma san Mma da kunya irin ta mutanen da. Tun da aka kawo ta gidan nan, shekara sittin da biyu, ba wanda ya taɓa jin sunan Baba a bakinta. Malam ne, ko babanku, ko kuma shi kawai. Ɗan Abdul-Karim da ya ci sunan, Maigida take ce masa. Lokacin yin katin ɗan ƙasa, yarinyar da ke cike takarda ta tambaye ta sunan miji har sau uku, Mma ta kawar da kai tana kallon bango, sai ni na amsa. Saboda haka ba ni da hanyar sanin ko sunan na nan a ajiye cikin kanta, ko shi ma ya bi sauran. Abin da mutum bai taɓa faɗa ba, ba ka gane ranar da ya manta shi.

Da ka nemi hoton, na je na buɗe akwatin ƙarfen Baba. Gara ta ci kusan rabin takardun, kuma Abdul-Karim ya ce da ma yana shirin ba masu ƙosai sauran su riƙa ƙunshi. Abin da na gaya masa ba zai shiga takarda ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ta Baba ba ta ciki. Ranar Alhamis da safe, bayan ta sha koko, na tambayi Mma, ba don ina sa rai ba. Ko tunani ba ta tsaya yi ba, ta ce a sauko mata da babbar kwalla ta saman kabad. Can ƙasa, cikin wani ragowar yadi na shagon Baba, ga takardar a ninke, ta yi ja, ta yi laushi wajen ninkin. Na sa hannu zan ciro waya, sai ta ce in karanta mata.

Muna ɗakin ni da Abdul-Karim da matarsa da Shahida da jaririnta. Na fara tunanin in yi mata dabara, in karanta Malam Tahidu kai tsaye kamar haka aka buga, a wuce wurin. Amma ba haka Baba ke yi ba. Shi ba ya ɓoye abin da aka rubuta, tambaya yake yi. To, wa zan tambaya? Mutanen benci duk sun riga mu gidan gaskiya, Baba Awudu ne na ƙarshe, shekara huɗu ke nan. Darbejiyar an sare ta lokacin aikin kwata, shagon kuma yanzu katin waya ake sayarwa a ciki. Ga ni da shekara sittin da ɗaya, takardar ta sake dawowa hannuna kamar ranar farko. Na sa tabarau, na dubi layin farko, na sauke takardar kan gwiwa, na zare tabarau. Na ce, "Wa ya san shi?"

Ruwan da aka yi da asuba na ɗiga daga kwano cikin bokiti, shi kaɗai ake ji. Abdul-Karim, da yake ɗan shekara huɗu ne lokacin rasuwar, ya buɗe baki zai taimake ni, na yi masa alama ya dakata. Mma na kallon tafin hannunta. Ta daɗe haka, har na ce a raina shi ke nan, na makara, na fara neman yadda zan rufe maganar. Sai ta gyara mayafinta, ta ɗaga kai, ta yi magana da muryar da rabona da ji tun kafin azumi.

"Ni na san shi. Tahidu ne, ɗan Malam Zulkarnain mai goro, jikan Kanawan da suka zo ta Salaga. Tela ne. Ba ya cin kuɓewa. Mijina ne."

Tana rufe baki ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya, tana dariya tana cewa mun sa ta ta faɗa. Shahida na kuka, matar Abdul-Karim na kuka, shi kuma autan ya juya yana duba wani abu a jikin taga. Na mayar da tabarau zan ɗauko labarin daga farko da cikakken suna, yadda ake yi. Mma ta ɗora hannunta kan takardar. Ta ce, "Ba ke ba. Gafaru ya fara, na karɓe masa bai gama ba." Sannan ta ce yaron ba shi da laifi, abin da aka rubuta ya karanta. Takardar ta ba ta haushi, shi kuma shi ne a tsaye kusa. Ta ce ta daɗe tana son gaya maka, amma duk zuwanka ba ka zama, ita kuma ba ta iya irin wannan magana da mutum yana tsaye. Ta ninke takardar da kanta, ta mayar cikin yadin, ta sa aka mayar da kwallar saman kabad. Da la'asar ɗin ranar ta tambaye ni ko an buɗe shago, Malam zai makara.

Shi ya sa ba zan ɗauki hoton ba. In na turo, Jalila za ta sami layi huɗu ta sa a rubutunta, kai kuma ka kalle su kai kaɗai a ɗakinka ka kashe waya, shi ke nan an gama. Ku zo, kai da ita. Sauran takardun akwatin na nan na shanya su na jera, da rubutun ajamin Baba a gefensu, har da guda goma sha ɗaya masu alamar fensir da ba a taɓa samun wanda ya san su ba. Waɗannan ta ɗauki hotonsu iya son ranta. Ta Baba kuwa gefenta fari ne, ban rubuta komai ba, na bar maka. Kada ka ce sai hutun baɗi. Ba cewa nake Mma za ta rasu ba, rai na hannun Allah, tana iya binne ni. Tsorona shi ne ka zo, ka sauke takardar kan gwiwa, ka yi tambayar, ta dube ka ta yi shiru. Ni zan iya amsa maka, Abdul-Karim ma ya haddace yanzu, amma ba amsarmu ka yi shekara talatin da takwas kana jira ba. Zumunci a ƙafa yake, ƙanina, ko da gwiwa na ciwo. Kuma ban yarda da otal ba, akwai ɗaki a gidana. Abdul-Karim, don ya wanke laifinsa, ya tono ɗaya daga cikin bencin Baba a bayan kicin, ya gyara masa ƙafa, ya ajiye shi a ɗakin Mma. Wannan karon zama za ka yi.

Ka gaishe mini da Najat da kyau, ka ce mata na ga saƙon man zafin, ina godiya. Ka gaishe da Jalila, Allah ya ba ta sa'ar rubutunta, ya saka mata da alheri da ta yi tambayar da mu manya muka kasa yi. Ka gaishe da Ubaid, ka ce masa Hausarsa ta waya ta fara karkacewa, ya zo a gyara masa. Abdul-Karim da matarsa da Maigida suna gaishe ku. Shahida da mijinta suna gaishe ku, mai kunnuwanka ma ya ɗaga hannu. Rakiyatu ta Yendi ta zo da doyarta makon jiya, ta ce in na rubuta in sa sunanta, ga shi na sa. Jiya da safe na gaya wa Mma ina rubuto maka takarda, na tambaye ta ko in sa gaisuwarta. Ta ce a'a, wanda ke hanya ba a aika masa gaisuwa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Rafi'atu Tahidu